Batirin da ya ƙona cinyar ƙanina

Ni mai gyara ne. Da rediyo na fara tun ina yaro a hannun maigidana, daga baya muka koma waya da kwamfuta, yanzu kuma rabin aikina ya zama na batura: na kwamfutar tafi-da-gidanka, na fitila, na injin huda bango mai caji. Ban taɓa shan taba ba, ko ta ganye ko ta laturoni. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya zaci talla nake yi wa hayaƙi. Da za a bi ta tawa, da kowa ya ajiye. Amma mai sha ba zai daina don na ce ya daina ba, batirin da ke aljihunsa kuma ba zai jira ranar da zai daina ba.

Ranar da na fara fasa kwanson batirin kwamfuta, na zaci zan tarar da dunƙulallen abu guda ɗaya. Sai ga batura shida a jere, kowanne tsawon yatsa, an haɗa kawunansu da siririn ƙarfe, a gefe kuma ga wani ɗan bod da wayoyi suka fito daga jikinsa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya nuna bod ɗin ya ce, "Kai yaro, ka ga wannan? Shi ne mai gadin. Duk ranar da ka raba su da shi, kai ka zama mai gadin." Bod ɗin ne ke yanke caji in batir ya cika, shi ke hana a tsotse shi har ƙasa, shi ke katse wuta in an ja fiye da kima ko zafi ya yi yawa. Su kansu baturan ba su san komai ba. Duk abin da aka nema a wurinsu za su bayar, ko da bayarwar ce za ta halaka su.

Irin waɗannan ake kira 18650, lambar kuma awonsu ce kawai: milimita 18 a faɗi, 65 a tsawo. Akwai wanda ya ɗan fi su girma, 21700. Tun da kamfanin Sony ya fara fitar da batirin litiyam mai caji kasuwa a 1991, wannan ƙirar ta shiga ko'ina, har motocin lantarki na farko na Tesla dubbansu aka jera a ciki. Sai dai manyan masu ƙera su, irin Samsung da LG na Koriya ta Kudu, da Murata na Japan wanda ya sayi sashen batir na Sony a 2017, ba don a sayar wa mutum ɗai-ɗai ya jefa a aljihu suke yin su ba. Don masana'antun da ke haɗa su cikin kwanso da bod suke yi, kuma sun sha fitowa sun faɗi haka. A Janairun 2021 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi ƙarara cewa kada mutane su sayi irin waɗannan batura tsirara. Ga shi kuwa manyan na'urorin sigarin laturoni da su suke aiki, a tsirarar tasu, mai sha yana cirewa yana mayarwa da hannunsa kullum.

Ƙanina, wanda ke bi mini, ya fara shan taba tun yana sakandare, a ɓoye, har ya zo ya daina ɓoyewa. Babu irin faɗan da Umma ba ta yi ba, ni ma na yi nawa har na gaji. Tari ne ya fara tsorata shi, irin mai tashin mutum da tsakar dare. Wani abokinsa ya nuna masa sigarin laturoni, ya fara da ɗan siriri wanda batirinsa a rufe yake a ciki, sai dai a jona masa caja. Tsakani da Allah ya bar karan taba, warinta ya fita daga kayansa, hankalin Umma ya ɗan kwanta, ko da yake har yau ba ta yarda akwai wani bambanci ba. Da a nan ya tsaya da ban rubuta wannan ba. Sai abin ya koma ado da gasa tsakaninsa da abokai. Ya sayi babba mai kusurwa huɗu, mai allon da ke nuna lambobi, wanda in ya busa hayaƙi sai ka daina ganin fuskarsa. Shi kuwa wannan cire batirinsa ake yi.

Wata rana ya zo wurin aikina ya tsaya a kan kwalin da nake tara baturan da na ciro daga tsofaffin kwamfutoci.

"Yaya, ba ni biyu a nan mana."

"Ka yi me da su?"

Ya zaro na'urar ya buɗe murfinta. "Ai iri ɗaya ne, ka gani."

"Girmansu ne ɗaya. Ajiye."

Na yi masa bayani iya yina. Kwamfuta a hankali take jan wuta, don haka baturanta an yi su ne su daɗe, ba su ba da ƙarfi ba. Yawancinsu da sun wuce amfiya 5 ko kusa da haka, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja, sun fara galabaita, balle waɗanda suka tsufa. Tasa na'urar kuwa wata siririyar wayar ƙarfe da ake kira koyil take gasawa har ta mayar da ruwa tururi cikin daƙiƙa guda, tana iya neman amfiya 20 ko fiye a kowace zuƙa. Ya ce rowa ce kawai. Ya tafi da fushinsa, ya shiga intanet ya sayo guda biyu masu ƙyalli, an zana musu harshen wuta a jiki, an rubuta musu lambobi manya-manya. Bai nuna mini ba, don ya san abin da zan ce.

Yadda ya ba ni labari daga baya, yana tsaye ne suna hira da abokinsa, batir ɗaya yana cikin na'urar a hannunsa, na canjin yana aljihun wando na dama tare da makullansa. Ya ji wani huci, kafin ya sunkuya ya duba zafi ya soki cinyarsa, tartsatsi da wuta suka feso ta jikin yadin. Ya cusa hannu zai ciro abin, a nan ya ƙona yatsu uku. Wandon mai roba-roba ne, ya narke ya manne da fata. Abokin ne ya yi ta maza ya kama bakin aljihun ya yage shi, batirin ya faɗo ƙasa yana juyi yana feshin wuta har ya ƙare don kansa. Duk abin bai kai minti ɗaya ba.

Likitar da ta duba shi ta kalli ciwon, ta kalle shi, ta ce, "Batir ne?" Shi kuwa niyyarsa ya ce ruwan zafi ne, don kada Umma ta ji. Ta ce ƙunar batir iri biyu ce a haɗe, akwai ta wuta, akwai ta sinadarin da ya tsiyayo daga ciki, saboda haka duk wanda abin ya sama ya gaya wa ma'aikatan asibiti gaskiyar abin da ya ƙona shi, kada kunya ta cuce shi. Tsakiyar ciwon ya yi zurfi, sai da aka yanko fata daga ɗaya cinyar aka dasa. Ni nake riƙe shi in za a canja bandeji. Magidanci mai gemu da 'ya'ya, na gan shi ya ciji gefen filo yana zubar da hawaye.

Masu zuwa dubiya kowa da abin da yake faɗa. "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." "Allah ya kiyaye gaba." Amin muke cewa, kuma na yi imani abin da Allah ya rubuta babu makawa. Amma ni sana'ata ce neman dalilin da ya sa abu ya ƙone. In aka kawo mini rediyo ya yi hayaƙi, ba na ce wa mai shi tsautsayi ne in miƙa masa kayansa. Na roƙi abokin ya kawo mini duk abin da ya tsinta a wurin.

Ya kawo gawar batirin a leda, da makullan, da na'urar da ɗan'uwan batirin a cikinta. Wanda ya ƙone ya zama baƙin gwangwani, kansa ya buɗe, babu sauran abin karantawa a jikinsa. A cikin makullan akwai wani ɗan ƙarami na kwaɗo, gefensa ya yi gurbi inda ƙarfen ya narke ya yi baƙi, faɗinsa bai fi bakin farce ba. Na ciro ɗan'uwan na sa shi ƙarƙashin fitila. Ledar da aka naɗe shi da ita ta ɗaye a gefen sama, daidai inda yake gugar bakin na'urar wurin sawa da cirewa, farin ƙarfe ya leƙo. Ɗan zoben takardar da ke kewaye da kansa ya goce gefe guda. Tare aka saye su, tare suke aiki, ban ga dalilin da zai sa na aljihun ya fi wannan lafiya ba.

Yawancin mutane suna zaton fozitib yana sama, negatib yana ƙasa, tsakaninsu tsawon batir gaba ɗaya. Ba haka abin yake ba. Gwangwanin duka negatib ne, tun daga gindi har bakin sama inda aka lanƙwasa shi. Fozitib ɗan faifan nan ne na tsakiya kawai. Ratar da ke tsakaninsu a sama ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma ba abin da ya rufe ta daga waje sai zoben nan da ledar. In ledar ta yage, makulli ɗaya ko tsabar kuɗi ɗaya ya isa ya haɗa su. Ko da lafiyarta lau, tarin makullai a aljihu na iya taɓa sama da ƙasa a lokaci guda.

Da zarar an yi shot, wato fozitib da negatib sun haɗu kai tsaye, wuta mai yawan gaske ke ratsa batirin, ya ɗau zafi cikin 'yan daƙiƙoƙi. A cikinsa akwai fallayen ƙarfe biyu sirara da aka nannaɗe, tsakaninsu wata fatar roba da ta fi takarda siranta, duk a jiƙe da ruwan sinadari mai kama wuta. Wajen digiri 130 fatar nan take fara narkewa. In abin ya kai wani matsayi, zafi ne ke haifar da zafi, ko an janye makullin ba zai tsaya ba. A ƙarƙashin kan batirin akwai mafitar da aka yi don ta buɗe kafin gwangwanin ya tsage, ta nan wutar ke fesowa, zafinta kuma kan wuce digiri 500. Duk wannan a jikin cinya, yadi ɗaya ne a tsakani.

Daga nan na yanke ledar ɗan'uwan. A gindinsa ga tabon walda ƙanana guda huɗu, an yi ƙoƙarin goge su amma ba su ɓace ba. Wato daga wani tsohon kwanso aka ɓamɓaro shi, irin dai waɗanda na hana shi a kwalina, aka yi masa sabuwar riga. A jikin rigar an rubuta 9900mAh, wato yawan cajin da wai yake riƙewa, da amfiya 40. Na sake naɗe shi na auna a cajar gwaji, abin da ya riƙe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba. Babu ma 18650 a duniya da ke riƙe 9900. Sanannun da suka yi suna wajen riƙe caji a wajen 3500 suke, su kuma ba sa jure fiye da amfiya 10.

Ba zan ɗora wa mai sayarwar abin da ba nasa ba. Ba jabuntar ce ta ƙona ƙanina ranar ba, makulli ne da yagaggiyar leda, kuma batir na asali ma da ya samu kansa a wannan aljihun zai iya yin abin da wannan ya yi. Amma jabun yana nan yana jiran tasa ranar, a cikin na'urar da ake kaiwa baki.

A dararen da nake kwana wurinsa na yi ta karatu a waya, na ga ba a kansa aka fara ba. Hukumar kashe gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017, ta ƙirga fashewa da gobara 195 na sigarin laturoni da kafafen labarai suka ruwaito daga 2009 zuwa 2016. Guda 61 a aljihu suka faru, 60 ana cikin sha, 48 ana caji. Mutum 133 suka ji rauni, na 38 ya yi tsanani. Wannan abin da ya kai kunnen 'yan jarida ke nan. Wani bincike da mujallar Tobacco Control ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan raunuka 2,035 ne suka kai mutane sashen gaggawa na asibitocin ƙasar daga 2015 zuwa 2017. In aka gwada da miliyoyin masu sha, ba su da yawa. Amma wanda ya riƙe ɗan'uwansa ana ɗaye masa bandeji ba zai ce musu kaɗan ba.

Da ya fara takawa, Umma ta ce ai shi ke nan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Bai ce mata komai ba. Sai da muka keɓe ya ce, "Yaya, in na ajiye wannan yanzu, wallahi taba zan koma. Na san kaina." Na yi shiru, don ni ma na san shi. Na ce to, in dai dole ne, za mu zauna mu yi lissafi, kuma ba wani batir da zai ƙara shiga na'urar nan sai ya bi ta hannuna.

Lambar da kowa ke kallo ita ce ta mAh, don ita ke faɗin daɗewar caji. Wadda ta shafi rai ita ce ta amfiya, wato yawan wutar da batir zai iya bayarwa a jere, ba tsayawa, ba tare da ya yi zafin da zai cutar da shi ba. Biyun ba sa hawa tare, domin wurin da ke cikin gwangwanin ƙayyadadde ne, mai ƙerawa sai ya zaɓi abin da zai fifita. Na rubuta masa a takarda ya gani da idonsa. Samsung 25R yana riƙe 2500, yana jure amfiya 20. Samsung 30Q yana riƙe 3000, amfiyarsa 15. LG HG2 kuwa 3000 da amfiya 20. In ka hau zuwa Samsung 35E mai 3500, amfiyar ta sauko 8. Mai son amfiya 35 yana iya komawa babba, irin Samsung 30T na 21700, shi ma ya haƙura da 3000. Don haka duk wanda ya nuna maka ƙaramin batir da lambobin biyu duka a sama, ka mayar masa abinsa. Masu sake naɗe batura su sa sunansu suna da wata dabara: sai su rubuta abin da batirin zai iya jurewa na ɗan ƙiftawar ido, su bar ka ka ɗauka ƙarfinsa ke nan. Ƙanina ya ce ai zuƙa ma ba ta wuce daƙiƙa uku. Na ce haka ne, har sai ranar da maɓalli ya maƙale, ko ya dannu a cikin jaka ba ka sani ba.

Lissafin kansa ba wuya. Cikakken batir yana kan bolt 4.2, yawancin na'urori masu bod suna tsayawa in ya sauko wajen 3.2. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, irin wannan na'urar ta fi matsa wa batir lokacin da cajinsa ya yi ƙasa, don sai ta ƙara jan amfiya kafin ta cika wat ɗin da ka saita, wato ƙarfin da kake so ta yi aiki da shi. Saboda haka da 3.2 ake rabawa, sannan a ƙara kamar kashi goma cikin ɗari na abin da bod ɗin ke ci. Shi a wat 80 yake sha da batir ɗaya. Raba 80 da 3.2, ka samu 25, ƙara na bod, ka doshi 28. Ko da na asali mai amfiya 20 ne a ciki, ya wuce gona da iri, balle tsohon batirin kwamfuta. Na sauƙaƙa masa: kowace amfiya ɗaya wat 3 take ɗauka, mai 20 iyakarsa wajen wat 60, mai 15 kuma 45. In na'urar mai batir biyu ce, sai a raba wat ɗin biyu kafin a yi lissafin. Ya ce a 60 hayaƙin ba ya kai yadda yake so. Na ce ya zaɓa tsakanin hayaƙin da ɗaya cinyar.

Abokin da ya cece shi ya fi ba ni tsoro. Tasa na'urar bututun ƙarfe ce zalla, wadda suke kira mekanikal, ba bod, ba fis, ba komai, in ka danna maɓalli batir ya haɗu da koyil kai tsaye. A nan koyil ne ke yanke hukunci: ka raba 4.2 da om ɗinsa, wato yawan turjiyar da yake yi wa wuta, abin da ya fito shi batirin zai bayar ko yana so ko ba ya so. Koyil mai om 0.15 amfiya 28 ke nan. In kuma ya ɗan motsa ya taɓa murfi, ba abin da zai katse wutar. A watan Mayun 2018 wani mutum mai shekara 38 ya rasu a St. Petersburg ta jihar Florida bayan irin wannan na'urar ta fashe masa, ɓaraguzanta suka shiga kansa. A Janairun 2019 kuma wani saurayi ɗan shekara 24 ya rasu a Fort Worth ta jihar Texas, fashewar ta yanke masa jijiyar wuya. Abin da ke mayar da feshin wuta fashewa shi ne bututun ƙarfen da iska ba ta da mafita a cikinsa. Shi ya sa na'ura in aka kawo mini, ramukan fitar iska nake fara dubawa, kuma ban taɓa ba kowa shawarar mekanikal ba. Akwai ma'aunin gwaji da ake kira UL 8139 na ɓangaren lantarkin waɗannan na'urori, wanda ya samu mai ɗauke da shi ya fi.

Wajen saye kuwa, suna kaɗai ba ya wadatarwa, don sanannun sunayen su ake kwaikwaya. Dillalin da aka san sana'arsa batir ce, mai iya gaya maka daga ina kayansa suka fito, shi ake nema, ba babbar kasuwar intanet da kowa ke iya baje hajarsa ya ɓace gobe ba. Araha ba ta ado. In kaya sun iso, sikeli nake fara ɗora su. Na ƙwarai 18650 yana wajen giram 45 zuwa 48, wanda ya gaza haka sosai akwai magana. Na taɓa fasa wani mara nauyi na tarar da ɗan ƙaramin batir a ciki an cike sauran wurin da gari. Sai in duba gindi ko akwai tabon walda, in duba rubutun ko ya karkace ko ya dushe, sannan in sa a cajar gwaji in ga abin da ya riƙe. Masu ɗan bod a gindi da ake yi don fitila ba su dace da wannan aikin ba, sun fi tsawo, kuma ba a yi su don jan wuta mai yawa ba.

Yanzu ƙanina ba ya fita da batir sai a ɗan kwanson roba, kowanne da ɗakinsa. Duk sanda zai sa a caja yana juya shi a hannu yana shafa gefen sama da yatsa. In ya ji ƙaiƙayi ko ya ga ɗayewa, kawo mini yake yi, in cire tsohuwar ledar, in sa sabon zobe, in zura sabuwa in hura mata bulowa ta kama jiki, aikin minti biyu. Salatif ba ya maye gurbin wannan, yana zamewa in ya ji ɗumi. Wanda ya faɗi ya loɓa kuwa ba shi da gyara, don ba ka ganin abin da ya faru da fatar nan ta ciki. Haka wanda ya sha ruwa, da wanda aka manta shi har ya sauka ƙasa da bolt 2.5, da wanda ya fara zafi fiye da yadda ya saba ko cajinsa ya fara gudu. Da ma batir ba na har abada ba ne, bayan caji ɗari uku zuwa ɗari biyar ƙarfinsa ya ja baya. Da ya koma na'ura mai batir biyu, na saya masa su tare, iri ɗaya, na rubuta musu alama, tare suke caji tare suke aiki, don in ɗaya ya fi ɗaya tsufa mai raunin ne ke shan wahala.

Caji ne muka fi yin rigima a kai. Ya saba jonawa a gefen katifa ya yi barci. Na kawo masa caja ta daban mai nuna bolt ɗin kowane batir, mai tsayawa a 4.2, na ce a kan siminti ko tayil, a inda ido ke kaiwa, amfiya ɗaya ta ishe shi, in ya cika a cire. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ma abin da take faɗa ke nan: kada a kwana ana caji, kada a yi da cajar waya. Matarsa ce ta karɓi wannan aikin daga hannuna, kuma ta fi ni tsanani, don a ɗakin yaranta suke kwana. Ita ce ma ta hana shi barin na'urar a gaban mota cikin rana.

Da zai yi tafiya ta jirgin sama ya kira ni yana mita wai an ce ya ciro na'urar daga babbar jaka. Na ce daidai suka yi. Tun 2015 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana sa su a kayan da ake zubawa a ɗakin kaya na ƙasan jirgi, sai dai a jakar hannu, kuma ba a caji a sama. Rundunar sojin ruwan Amurka ma ta hana su a jiragenta a 2017 bayan fashe-fashen da aka yi ta samu.

Daga baya shi da kansa ya gaji da ɗawainiyar, yawancin lokaci ƙaramar mai rufaffen batir yake riƙewa, babbar sai in abokai sun taru. Na fi samun natsuwa da haka, ko da yake ita ma litiyam ce a ciki, in ta kumbura ko ta fara zafi a caja ajiye ta ake yi. Waɗanda ake sha a yar kuwa wata matsalar ce, don kowacce da batirinta, in motar shara ta matse su wuta suke tayarwa. Birtaniya ta hana sayar da su daga 1 ga Yunin 2025. Ni duk mataccen batir liƙe kansa da gindinsa nake yi da salatif, in sa a gwangwanin yashi har in kai wurin masu karɓar irinsu. Ba ya shiga kwandon shara.

Labari ya bazu a cikin abokansa, yanzu su ma suna kawo nasu in duba, ban karɓar ko sisi. Kwanan baya wani ya kawo huɗu. Biyu lafiya lau, ɗaya sikeli ya tona masa asiri, na huɗun kuma na asali ne amma gindinsa ya loɓa. Jabun bai yi gardama a kai ba. Loɓaɓɓen ne ya ce in ba shi abinsa, ai yana aiki, kuma kuɗinsa ya sa ya saya. Na ce na san yana aiki. Na yi masa bayanin fatar ciki, ya saurara har ƙarshe, ya miƙo hannu. Kayansa ne, ba ni da ikon riƙewa. Na liƙe shi, na sa a kwanson roba, na rubuta a jiki kada a yi caji, na ba shi. Da na gaya wa ƙanina, ya ce in bar shi da shi, ya san gidansu, zai je ya karɓo.